Yadda ake shiga littattafan binciken kisa na Italiya na bayan yaƙi

Idan labarin binciken kisa irin na Ingila ka saba da shi, wanda ake tara mutane a falo a babin ƙarshe, mai bincike ya nuna ɗaya da yatsa, a sa masa ankwa kowa ya watse, to cire wannan daga ranka kafin ka ɗauki na Italiya. A nasu, sau da yawa ɗan sanda yana gano wanda ya yi kisan tun littafi bai kai ƙarshe ba. Abin da ke hana mai karatu barci shi ne dalilin da ya sa aka san mutumin amma ya ci gaba da yawonsa a gari, da kuma wanda ya buga waya daga babban birni aka rufe fayil. Na yi aikin rajista a kotu, na san kamannin fayil ɗin da aka ɗaure da zare aka tura ƙasan durowa, wataƙila shi ya sa littattafan nan suka kama ni. Da Turanci na karanta su, 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi kuma za su sami manyan cikinsu da Faransanci.

Ga yadda nake ba mutum shawara ya bi su.

Ka fara da shekaru, kafin littafi

Marubutan nan don 'yan ƙasarsu suka rubuta, ba sa tsayawa bayani. Mutum zai ce "bayan 8 ga Satumba" ya wuce, domin kowane ɗan Italiya ya san abin da ake nufi. Kai kuwa sai ka riƙe 'yan ranaku a kanka.

A watan Yulin 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, sarkin Italiya ya tuɓe Mussolini, shugaban 'yan Fasist da ke mulkin ƙasar. Ranar 8 ga Satumba ta wannan shekara aka sanar cewa Italiya ta ajiye makamai a gaban sojojin ƙawance na su Ingila da Amurka. Nan take Jamusawa suka mamaye arewa da tsakiyar ƙasar, suka kuɓutar da Mussolini, suka ɗora shi kan wata gwamnatin jeka-na-yi-ka da ake kira Jamhuriyar Salò. Daga nan har zuwa Afrilun 1945 'yan Italiya junansu suke kashewa: 'yan Fasist a gefe guda, 'yan sari-ka-noƙe masu gwagwarmaya a duwatsu a ɗaya gefen, kuma da yawansu 'yan gurguzu ne. Ranar 25 ga Afrilu 1945 ita ce ranar 'yanci, bayan kwana 3 aka harbe Mussolini. Ranar 2 ga Yuni 1946 aka yi ƙuri'ar raba gardama, aka kori sarauta.

Wadda nake so ka ja wa layi ita ce afuwar watan Yunin 1946. Ministan shari'a na lokacin, Palmiro Togliatti, wanda kuma shi ne shugaban jam'iyyar gurguzu, shi ya sa mata hannu. Dubban 'yan Fasist suka fito daga kurkuku. Yawancin alƙalai da 'yan sanda da ma'aikatan gwamnati na zamanin Mussolini suka ci gaba da zama a kujerunsu, har kundin dokar laifuka na 1930 ba a jefar da shi ba. Sai zaɓen 18 ga Afrilu 1948, inda jam'iyyar Kiristoci 'yan dimokuraɗiyya, wato DC, mai goyon bayan coci da Amurka, ta kayar da haɗakar 'yan gurguzu da 'yan ra'ayin gurguzu mai sassauci, ta riƙe mulki fiye da shekara 40. Duk gawar da za ka gamu da ita a littattafan nan, a kan wannan ƙasa take kwance.

'Yan sanda iri biyu

Wannan kan rikita mai karatu daga Najeriya, amma ga mutumin Nijar abu ne sananne. Akwai Carabinieri, waɗanda reshen soja ne, daidai da jandarma. Su ne ke da ofis a kowane ƙaramin gari, kuma shugaban ofishin ƙauye shi ake kira maresciallo, a ƙarƙashinsa akwai brigadiere, a samansa kyaftin. Akwai kuma 'yan sandan birni, masu hedikwata da ake kira questura, shugabanta questore. Commissario da za ka riƙa gani a bangon littattafai ba kwamishinan 'yan sanda na jiha ba ne irin namu. Jami'in bincike ne mai matsakaicin muƙami, wanda akwai mutum uku ko huɗu a samansa da za su iya ce masa ya bar magana. Ɓangarorin biyu kishi suke yi da juna, kuma marubuta suna jin daɗin wannan kishin.

A saman duka akwai alƙali mai bincike, wanda a tsarin da aka bi har 1989 shi ke tattara shaida kafin a shiga shari'a. Idan ka ga ɗan sanda yana gumi don ya shawo kan alƙali tun ba a je kotu ba, dalilin ke nan.

Takarda guda a cikin littafi

Wannan ita ce dabarar da na fi amfana da ita. Ka ninke farar takarda ka sa cikin littafin, ka ja layi biyu ta kasu uku. A gida na farko sunan mutum. A na biyu, abin da yake yi kafin 1945. A na uku, abin da yake yi yanzu. Duk wanda ya shigo labari ka rubuta shi, ko da mai gadi ne. Marubucin ba zai ba ka gida na biyu a dunƙule ba. A cikin zolaya zai fito, ko a hoton da aka cire daga bango ya bar tabo, ko a yadda wani ya ɗaga hannu zai yi gaisuwar Fasist sai ya tuna ya sosa kai. Kafin ka kai rabin littafi za ka ga waɗanda gida na biyunsu ya cika da datti amma na uku ya ce "ɗan majalisa" ko "ɗan kwangila". Za ka kuma ga wanda gidansa na biyu ya ƙi cika, kowa na kauce wa maganar. A wurin wannan mutumin za ka tsaya.

Da wanne za a fara

Da Carlo Lucarelli, littattafansa uku na farko na Commissario De Luca. Gajeru ne, kowanne za ka iya gama shi a dare biyu, kuma a jere suke da tarihin da na zayyana. Kamfanin ɗab'i na Europa Editions ya fitar da su da Turanci, fassarar Michael Reynolds. Lucarelli ya faɗa a gabatarwa cewa tunanin ya zo masa ne lokacin da yake binciken digiri, ya yi hira da wani tsohon ɗan sanda da ya yi wa Mussolini aiki yana kama 'yan adawa, ya yi wa 'yan gwagwarmaya aiki yana kama 'yan Fasist, sannan ya yi wa sabuwar gwamnati aiki yana kama tsofaffin 'yan gwagwarmaya. De Luca daga jikin wannan mutumin aka yanko shi.

Na farko, Carte Blanche, ya fito da Italiyanci a 1990, labarinsa kuma a Afrilun 1945 yake, gwamnatin Salò na numfashin ƙarshe. An kashe wani attajiri mai mu'amala da manya, aka ba De Luca bincike aka ce ya yi yadda ya ga dama. Kowa na haɗa kayansa zai gudu, shi yana neman wanda ya riƙe wuƙa. Na biyu, The Damned Season, bazarar 1945 ce a karkarar Romagna. De Luca na gudu da sunan ƙarya, wani matashin ɗan sandan 'yan gwagwarmaya ya gane shi, ya ce ko ya taya shi binciken kisan da aka yi wa wani gida gaba ɗaya ko ya miƙa shi ga waɗanda ke da sunansa a jerinsu. Ni wannan na fi so a cikin ukun, domin a nan ne mutumin da ke ta nanata cewa shi aikinsa kawai ya yi ya zauna cin abinci da waɗanda aikin nasa ya taɓa.

Na uku, Via delle Oche, sunan wani lungu ne na gidajen karuwai a Bologna, a lokacin doka ta yarda da su, sai 1958 aka rufe su. Ana saura kwanaki zaɓen 1948, De Luca ya dawo aiki amma an rage masa girma. Aka sami wani saurayi a rataye a gidan wata magajiya, kujera a kife a ƙarƙashinsa, manya suka ce ya kashe kansa, a rufe magana. De Luca ya tayar da kujerar ya ajiye ta a ƙarƙashin gawar, sai ga shi ƙafafun mamacin ba su kai samanta ba. Abin da ya rage a littafin duka faɗa ne tsakanin wannan 'yar tazara da ofisoshin da ba sa son a auna ta. Ka lura da kanun jaridu da yake sawa a farkon babi, kada ka tsallake su. Su ne agogon labarin, suna kai ka har harbin da aka yi wa Togliatti ranar 14 ga Yuli 1948.

Lucarelli dai bayan abin ya wuce da shekara 40 ya rubuta. Da ka gama shi, sai ka koma wurin waɗanda suka rubuta abin yana kan faruwa, kuma babbansu Leonardo Sciascia ne.

Sciascia, a hankali

Malamin firamare ne daga Racalmuto a tsibirin Sisili, an haife shi 1921, ya rasu 1989. Littafinsa The Day of the Owl, wanda da Faransanci ake kira Le Jour de la chouette, ya fito a 1961, lokacin da manyan gwamnati ke musun cewa akwai wani abu wai shi mafiya. Sai a ƙarshen 1962 majalisa ta amince da kafa kwamitin bincikenta.

Shafukan farko kaɗai sun isa su koya maka yadda ake karanta shi. Da asuba a dandalin wani gari, bas ta cika za ta tashi, wani mutum cikin baƙar kwat ya rugo ya sa ƙafa a matakala, aka harbe shi sau biyu. Kafin jandarma su gama duba gawa, fasinjoji sun zame ɗaya bayan ɗaya. Direba ya ce shi hanya yake kallo. Kwandasta, wanda kullum da mutanen nan yake tafiya, ya kasa tuna fuska ko guda. Aka nemo mai tallan soyayyen abinci da ke tsaye kusa da wurin, shi kuma ya nuna kamar bai ma san an yi harbi ba. Sciascia bai ce maka tsoro suke ji ba, bai yi wa'azi ba. Ya bar ka ka ƙirga mutanen da suka gani da waɗanda suka yarda sun gani.

Mamacin ƙaramin ɗan kwangila ne da ya ƙi biyan kuɗin "kariya". Mai binciken, Kyaftin Bellodi, ɗan Parma ne daga arewa, tsohon ɗan gwagwarmaya, wanda ya ɗauki doka da gaske. A nan takardarka za ta yi aiki iri dabam, domin tsakanin babi da babi akwai hirarraki na mutanen da ba a faɗi sunansu ba, wani a Roma, wani a ofis, wani ana ce masa "mai girma". Kada ka ɗauka kuskuren bugu ne. Ka buɗe musu layi, ka rubuta abin da kowannensu yake tsoron ya fito. Sciascia ya faɗa a bayanin ƙarshen littafin cewa ya ɗauki lokaci mai tsawo yana rage shi don kada masu iko su ce an taɓa su, saboda haka abin da aka cire yana da nauyi daidai da abin da aka bari. Akwai wurin da Bellodi ke tunanin cewa da bankuna da takardun haraji za a kama irin waɗannan mutane. Ka tuna a 1961 aka rubuta wannan, kafin bin sawun kuɗi ya zama hanyar alƙalan Palermo, babban birnin Sisili.

Idan kana son sanin ƙasar da labarin ya tsiro, ka nemi labarin Portella della Ginestra: ranar 1 ga Mayu 1947 'yan bindigar Salvatore Giuliano suka buɗe wuta kan manoma da ke bikin ranar ma'aikata, mutum 11 suka mutu. A shekarun nan an kashe shugabannin ƙungiyoyin manoma da dama a Sisili, kuma da wuya ka ji an hukunta wani.

Daga nan ka wuce To Each His Own na 1966. Mai kemis ya sami wasiƙar barazana da aka haɗa da haruffan jarida, ya ɗauka wasa ne, aka kashe shi da abokinsa likita a wurin farauta. Wani malamin makaranta ya hango a bayan takardar kalmar Latin da ke nuna daga jaridar fadar Paparoma aka yanko haruffan, jaridar da a garin malaman coci ne ke karɓarta. Yana ta bin zare yana ganin ya fi kowa wayo. Ka karanta shi kana lura da abin da mutanen majalisar dattawan gari suka sani tun tuni ba su faɗa ba. Ba zan ɓata maka ƙarshensa ba. Kamfanin ɗab'i na NYRB Classics yana da duka biyun.

Milan, da kuɗin da suka zo da sauri

Daga ƙarshen shekarun 1950 arzikin arewacin Italiya ya bunƙasa, mutanen kudu suka yi ta kwarara Milan da Turin neman aikin masana'anta. Giorgio Scerbanenco, wanda aka haifa a Kiev a 1911 ya rasu a Milan a 1969, shi ne marubucin wannan zamani. Gwarzonsa Duca Lamberti likita ne da aka kore daga aiki, ya yi shekara 3 a kurkuku saboda ya yi wa wata tsohuwa mai jinya allurar da ta nema don ta huta. Littattafansa huɗu ne, tsakanin 1966 da 1969. Ka fara da A Private Venus, amma Traitors to All ne ya fi dacewa da takardarka, domin a cikinsa cin amanar da aka yi lokacin yaƙi ce ke dawowa bayan shekara 20, gawarwaki na fitowa daga magudanan ruwan bayan gari. Ya ci babbar kyautar Faransa ta irin waɗannan littattafai a 1968. Howard Curtis ne ya fassara biyun.

Gaskiya Scerbanenco yana da kaushi. Akwai duka a ɗakin tambayoyi, akwai maganganu kan mata da za su ɓata maka rai, akwai abin da ba za ka so yaro ya karanta ba. Sciascia zan iya miƙa wa ɗan sakandare, wannan kuwa sai babba. Rubutunsa ma bai kai na Sciascia tsafta ba, mutum ne da ya saba rubuta wa mujallu da sauri. Abin da yake da shi shi ne birnin: hazo, gidajen mai, sababbin unguwanni da ba su gama bushewa ba.

Idan ka gaji kana son abu mai sauƙi, akwai Piero Chiara, The Bishop's Bedroom, bazarar 1946 a tafkin Maggiore, jirgin ruwa da wani tsohon sojan yaƙin Habasha da bakinsa ya fi gaskiyarsa yawa. Akwai Marco Vichi da Commissario Bordelli a Florence ta shekarun 1960, ciki har da wanda ya faɗo kan ambaliyar Nuwamban 1966. Akwai The Sunday Woman na Fruttero da Lucentini, 1972, mai zolayar masu kuɗin Turin.

Zaɓen fassara

Ka duba sunan mai fassara kafin ka biya kuɗi, kuma ka karanta shafukan gwaji da Kindle ko Google Books ke bayarwa kyauta. Abu biyu nake dubawa. Na farko, shin ya bar muƙamai yadda suke? Wanda ya mayar da maresciallo ya zama sajan, ya mayar da questura ta zama ofishin 'yan sanda kawai, ya goge maka bambancin da labarin ke tafiya a kansa. Haka laƙabai: a Italiya duk mai digiri dottore ne ko da bai taɓa riƙe allura ba, lauya avvocato, injiniya ingegnere, ɗan majalisa onorevole, laƙabin "don" kuma na malamin coci ne ko na babban mutum a kudu. Wanda aka kira da laƙabi da wanda aka kira da sunansa tsirara, a nan za ka gane wa ke tsoron wa.

Na biyu Turanci ba ya iya ɗaukarsa ko da mai fassara gwani ne. Italiyanci yana da tu na sabo, da lei da voi na girmamawa, kuma a 1938 gwamnatin Fasist ta hana lei ta ce voi za a riƙa cewa. Saboda haka bayan yaƙi, wakilin sunan da mutum ya zaɓa kan iya tona inda ya fito. Mu da muka san bambancin ce wa dattijo "kai" da ce masa "ku" za mu fi Bature jin abin da aka rasa. Faransanci yana riƙe rabinsa, don haka wanda ke jin harsunan biyu ya ɗauki Sciascia da Faransanci. Bugun da ke da 'yan bayanai a ƙarshe, irin waɗanda mai fassara Stephen Sartarelli ke yi, ya fi wanda ba shi da su.

A wajen nema, kalmar giallo za ta taimake ka, ita ce sunan irin waɗannan littattafai a can tun da kamfanin Mondadori ya fara buga su da rawayan bango a 1929. Amma ka kula, shagunan intanet suna cakuɗa su. Donna Leon Ba'amurkiya ce, Michael Dibdin Baturen Ingila ne, da Turanci suka rubuta. Littattafan Commissario Montalbano na Camilleri daga 1994 suka fara fitowa, na Commissario Ricciardi na De Giovanni kuma labarinsu na shekarun 1930 ne. Duk suna da daɗi, amma ba su ne abin da muke magana a kai ba.

Wanda za ka bari sai ƙarshe

Carlo Emilio Gadda, That Awful Mess on the Via Merulana. Ya fara fitowa a mujalla a 1946, ya zama littafi a 1957, William Weaver ya fassara shi. Labarin a Roma ta 1927 yake, amma fushin mutumin da ya ga ƙarshen Fasistanci ne ke cikinsa, shi ya sa nake sa shi a wannan layi. An yi fashin gwala-gwalai a wani bene, bayan 'yan kwanaki aka yanka wata mata a ɗakin da ke kallon na farko. Mai binciken, Ingravallo, ya yi imani cewa babu laifin da ke da dalili guda, sai dai dalilai da suka harɗe. Littafin kansa haka yake, kamar ka tsaya tsakiyar kasuwa ranar cinta kowa na magana da karin harshensa: na Roma, na Napoli, na Molise, na Venis. Weaver ya mayar da su Turanci na yau da kullum domin ba yadda zai yi.

Kada ka ɗauke shi da niyyar gamawa a mako. Shafi 10 a zama ya isa, kuma inda ya kauce ya shiga bayanin kaza ko yatsan ƙafar waliyyi a zanen bango, ka bi shi kawai, zai dawo. Takardarka a nan za ta cika gaba da baya, ka tanadi ta biyu. Bugun NYRB yana da gabatarwar marubuci Italo Calvino, ka karanta ta bayan ka gama babi biyu na farko, a lokacin ne za ta yi maka amfani.